YA YI ZINA DA KWARORON ROBA, YANZU TSORON ƘANJAMAU YA HANA SHI BARCI

 

Akwai tambayar da ba a ɗaga hannu a yi ta a majalisin karatu. Ta saƙon sirri take shigowa, galibi da tsakar dare, daga shafin da babu hoto babu sunan gaskiya. Lafazin yana canjawa, amma maganar guda ce. Mutum ya tafi ramin zinari ya yi wata biyu a daji, ko ya kai kaya Sakkwato ko Gusau ya kwana a tasha, Shaiɗan ya rinjaye shi ya je wa mace mai zaman kanta. Ya sa kwaroron roba. Yanzu ya dawo gida, abinci ya ƙi shiga, in sauro ya cije shi sai ya haska tocila yana duba fata. Sai ya rubuto: "Malam, don Allah na ɗauka ko ban ɗauka ba? Mi zan yi da iyalina?"

Na san akwai masu ganin bai dace limami ya taɓa wannan magana a fili ba, wai buɗe ƙofa ce. Ina girmama kishinsu, amma ban yarda da su ba. Wanda ya aiko da tambayar ya riga ya faɗa ramin, kuma a bayansa akwai mata ɗaya ko biyu ko huɗu, wata ma tana shayarwa. In malamai suka yi shiru, mai lasifika a kasuwar Gummi ko ta Anka ba zai yi shiru ba, shi zai sayar masa da ruwan jarka ya ce masa ya wanke jini. Sahabbai sun zo wa Manzon Allah (SAW) da abin da ya fi wannan nauyin faɗa, bai kore su ba.

Mu fara da hukunci, don kada wani ya karanta rabi ya tafi da shi. Zina tana cikin manyan kaba'irai. A Suratul Isra'i aya ta 32 kusantar ta ma aka hana, tun kafin a kai ga aikata ta. A Suratul Furƙan aya ta 68 an jera ta da shirka da kisan kai. Roba ba ta rage komai daga wannan. Mala'ikan da ke rubutu ba ya tambayar an sa ko ba a sa ba. Kuma in mai aure ne, ya haɗa da cin amanar wadda ta zauna tana jiransa. Wannan ba shi da saɓani tsakanin malamai, shi ya sa ba zan tsawaita a kai ba. Mai tambayar ma ya sani, ai shi ya sa ya ɓoye sunansa.

To sai lissafin cutar. Alƙaluman na likitoci ne, kuma zan kawo su yadda suke, ba zan kumbura su don in tsorata kowa ba. Ƙarya ba ta zama halal don an yi ta da niyyar wa'azi. Bayan haka, yaron da ka ce masa duk wanda ya yi sau ɗaya ya mutu, ranar da ya ga abokinsa ya yi sau goma yana yawo lafiya, daga ranar ya daina yarda da kai, har a kan abin da ka faɗa na gaskiya.

Kafin ƙwayar HIV ta shiga jikin namiji ta wannan hanya sai abubuwa sun haɗu. Sai matar tana ɗauke da ita. Sai ƙwayar tana da yawa a jininta da ruwan jikinta, wato ba ta shan magani ko ba ta sha daidai. Sai kuma ruwan ya sami hanyar shiga jikinsa. A babban binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018, wanda Shugaba Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, an sami kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da cutar, mutum kusan miliyan 1.9 gaba ɗaya. Arewa maso yamma ce mafi ƙaranci, kashi 0.6, Zamfara kuma ba ta kai kashi 1 ba. Alhamdu lillahi. Amma kada wannan ya ruɗe ka, domin kai ba cikin jama'a ka shiga ka zaɓo ba. A binciken da aka yi a wasu jihohi a 2020, cikin mata masu zaman kansu an sami kusan 15 a cikin kowace 100. Ka ga ninki goma ke nan na sauran mutane. Kuma ba a gane ta a fuska. Mutum yana iya yin shekara takwas ko goma da ƙwayar, da ƙibarsa da hasken fatarsa. Masu cewa "ai na dube ta, lafiyayya ce" ba su duba komai ba.

Sai hatsarin saduwa ɗaya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa namijin da ya sadu da mace mai ɗauke da ƙwayar, ta gaba, ba tare da roba ba, hatsarinsa kusan 4 ne cikin 10,000 a kowace saduwa. Na mace daga namiji ya ninka haka, 8 cikin 10,000. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Binciken da aka yi a ƙasashen talakawa irin namu ya ba da adadin da ya fi wannan, har kusan ninki goma, saboda yawan wasu cututtukan al'aura da ba a magance ba. Roba kuma, a nazarin ma'auratan da ɗaya ke da cutar ɗaya ba shi da ita, tana rage hatsarin da kusan kashi 80 cikin 100, kuma wannan adadin ya haɗa har da waɗanda ta fashe musu ko suka sa ta ba daidai ba. Ita ƙwayar ba ta ratsa robar da ba ta huje ba.

In ka haɗa waɗannan, 15 cikin 100, da 4 cikin 10,000, da ragin da roba ta yi, za ka sami kusan 1 cikin 80,000. In ka ɗauki adadi mai tsanani na ƙasashenmu, kusan 1 cikin 8,000. Ga kuma kaciya, wadda bincike uku a Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda tsakanin 2005 da 2007 suka nuna tana rage wa namiji hatsarin da kusan kashi 60 cikin 100, mu kuwa duk da kaciyarmu. Saboda haka wanda ya tabbata robar tana jikinsa tun farko har ƙarshe, ba ta fashe ba, ba ta zame ba, hatsarin HIV a kansa daga wannan dare ɗaya ƙanƙane ne ƙwarai. Wannan ita ce gaskiyar magana.

Amma kalmar "ya tabbata" ita ce wurin aiki. Da yawa in ka bi su a hankali sai labarin ya canja. An fara babu ita, daga baya aka sa. Ko an yi sau biyu a daren, na biyun babu. Ko a cikin duhu ne, bai duba ba da ya cire. Ko ya sha tiramol ko wani abin maye, ba ya iya tuna rabin abin da ya faru. Ko robar ta yi wata uku a aljihu cikin zafin bazara, ko kwananta ya ƙare, ko an shafa mata basilin ko man shafawa, wanda ke cinye roba cikin ɗan lokaci. Ko akwai ƙurji ko gyambo a gabansa ko nata, ko an ga jini. Ko kuma ta dubura aka yi, wa'iyazu billahi, wanda zunubi ne a kan zunubi, hatsarinsa kuma ya fi yawa. Duk wanda ɗaya daga cikin waɗannan ya shafa, wancan lissafin mai sauƙi ba nasa ba ne. Haka wanda abin ya zame masa ɗabi'a, duk fitowa daga daji sai ya biya. Tulun da ke zuwa rafi kullum, wata rana ba zai dawo ba.

In kana cikin waɗannan, kuma abin bai wuce kwana uku ba, ajiye wayar nan ka tashi. Akwai magani da ake kira PEP, ƙwayoyi ne irin waɗanda masu cutar ke sha, ana ba wanda ake tsoron ƙwayar ta shige shi don a hana ta kama jiki. Sharaɗinsa a fara cikin awa 72, kuma duk awar da ta wuce ƙarfinsa raguwa yake yi, wanda ya fara a ranar farko ya fi wanda ya fara a ta uku. Ana shan sa kwana 28 ba fashi. Ka je babban asibiti mafi kusa, Bukkuyum ko Anka ko Gummi, ka nemi sashen da ke kula da masu HIV, in babu a nan za su nuna maka gaba, a Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Za su fara gwada ka, su yi maka tambayoyi. Ka faɗa musu gaskiya. Faɗa wa likita don neman magani ba ya cikin tona asirin kai da aka hana, lalura ce, kamar yadda ake buɗe masa al'aura in ciwo ya kama wurin. Na san halin hanyoyinmu, na san akwai ranar da mota ba ta fita saboda 'yan bindiga. To shi ya sa ba a jira sai rana ta uku. Kunyar awa ɗaya a gaban ma'aikacin lafiya ta fi sauƙi a kan shan magani har ƙarshen rayuwa. Kuma kada ka je kemis ka sayi kafso ka haɗiya, ko ka wanke gabanka da fetur ko ruwan batir kamar yadda wasu jahilai ke ba da shawara. Ba ya kashe ƙwayar, sai ma ya ji maka ciwon da zai buɗe mata ƙofa.

Yawancin masu rubuto mini kwana ukun ya riga ya wuce musu. Su abin da ke cin su shi ne alamomi. Ya ji zazzaɓi, ya ji maƙogwaro na kaikayi, ya ga ƙurji a hannu, ya shiga intanet ya karanta, shi ke nan ya yanke wa kansa hukunci. Ɗan'uwa, gaskiya ne wasu in ƙwayar ta shige su sukan yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kumburin kaluluwa bayan mako biyu zuwa huɗu. Amma a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da taifot suke kwana tare da mu, wa zai bambance? Wasu kuma ba sa jin komai sam alhali sun ɗauka. Tsoro shi kaɗai yana sa gudawa, ya hana cin abinci, ya sa rama da gumin dare. Jin alama ba hujja ba ne, rashin jin ta ma ba hujja ba ne. Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa yaƙini ba ya gushewa da shakka. Asalinka lafiya, ba ka fita daga wannan asali sai da gwaji. Duba jiki sau ashirin a rana waswasi ne, kuma Shaiɗan ɗin da ya ƙawata maka zunubin jiya shi ne yau yake nuna maka kabari don ka yanke ƙauna ka bar sallah.

Gwajin kuma yana da lokacinsa, a nan mutane da yawa suke kuskure. Gwajin gaggawa da ake yi a asibitocinmu, wanda ake huda yatsa a ɗiga jini a jira minti goma sha biyar ko ashirin, ba ƙwayar yake gani ba, martanin da jiki ya yi mata yake gani, jiki kuwa yana ɗaukar lokaci. Yana iya fara nunawa daga kwana 23, amma ba a sakankancewa sai kwana 90. Akwai na manyan ɗakunan gwaji da ake ɗibar jini a jijiya, wanda ke ganowa tsakanin kwana 18 da 45. Don haka wanda ya yi gwaji bayan mako ɗaya aka ce babu, abin da ya sani kawai shi ne kafin wannan dare ba shi da ita. Ka rubuta ranar da abin ya faru. Ka yi gwaji yanzu, ka sake bayan mako shida, ka rufe da na wata uku. In na wata uku ya fito babu, kuma ba ka koma ba a tsakani, magana ta ƙare, kada ka ƙara kai kanka gwaji na huɗu da na biyar. Ka kuma ce a duba maka ciwon hanta nau'in B, wanda wancan binciken na 2018 ya samu a jikin kusan mutum 8 cikin 100, ya fi HIV saurin kamawa nesa ba kusa ba, ga shi kuma yana da rigakafi. Tunjere da wasu ƙuraje suna kamawa ta fatar da roba ba ta rufe ba. Kowa ƙanjamau yake tsoro, alhali waɗannan sun fi kusa da shi.

Yanzu mu zo kan iyali, wanda shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu mutanen Tungar Guru ba ma buƙatar a ba mu labarin yadda namiji ke shigo da guba gidansa da hannunsa. A 2010 muna nan. Maza suna haƙo dutsen zinari su kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar tana ɗauke da dalma, ba a ganinta, ba ta wari. Yara suka fara suma da jijjiga, aka ce sanƙarau ne, aka ce zazzaɓi ne, aka ce iska. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka zo aka auna jini kafin a san mene ne. Mu da 'Yargalma a nan Bukkuyum, da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega a ƙasar Anka. Yara sama da 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida aka ƙirga, ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya tafi cikin shekara guda. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidajenmu aka zubo sabuwa. Babu uban da ya yi nufin kashe ɗansa, abinci ya fita nema. Allah Ya ji ƙansu, Ya ba iyayensu lada. Amma waɗancan iyaye suna da uzurin da kai ba ka da shi: ba su sani ba. Kai ka san inda ka je, ka san ranar, ka san akwai shakka.

Ka tuna adadin da na ce a riƙe. Mace ta fi saurin ɗauka daga namiji. Kuma makonnin farko bayan kamuwa, lokacin da gwaji bai fara nunawa ba, su ne lokacin da ƙwayar ta fi yawa a jini, ta fi saurin yaɗuwa. Wato daidai lokacin da ka dawo daga tafiya uwargida ta yi maka girki ta yi kwalliya. Daga kai zuwa gare ta, zuwa amarya, zuwa jaririn da ke ciki ko yake shan nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in uwa tana da cutar ba a ba ta magani ba, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 suna ɗauka, in an ba ta kuwa adadin yana sauka ƙasa da 5. Hadisin hana cuta da cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, yaranmu kuma suke haddace shi a Arba'una Hadisi na 32, a nan yake aiki. Haka umarnin da ya zo a Bukhari da Muslim na kada a shigar da raƙuma marasa lafiya cikin masu lafiya. In an kiyaye wannan a kan raƙumi, ina ga uwar 'ya'yanka?

Abin da nake gani, wanda robarsa ta fashe ko yake cikin shakka, wajibi ne ya kare matansa har gwajin ƙarshe ya fito, ko dai ya haƙura da kusantar su, ko ya sa roba. Malamai sun ƙiyasta roba tsakanin ma'aurata a kan azalu, wanda a mazhabarmu yake halatta da izinin mace, a nan kuma ga lalura ta ƙaru. Wata uku bai kai wa'adin wata huɗu da Suratul Baƙara aya ta 226 ta yanka wa mai rantsuwar ƙaurace wa matarsa ba. Rabon kwana da ciyarwa da sakin fuska duk suna nan a kansa, kada ya huce haushin kansa a kanta. Wanda kuwa ya tabbata robarsa lafiya ta fita, ba zan ɗora masa wata uku a matsayin wajibi ba, amma ya je a duba shi ya ji ta bakin likita kafin ya koma shimfiɗa.

Sai tambayar da ta fi kowace wuya: shin sai ya faɗa mata? A rarrabe abu biyu. Zunubin ba a ce ya faɗa ba. Shari'a suturta kai take so. A hadisin Abu Huraira da ke Bukhari da Muslim an yi gargaɗi mai tsanani ga wanda Allah Ya rufa masa asiri da dare ya wayi gari yana yaye rufin. A ƙissar Ma'izu, Manzon Allah (SAW) ya yi ta kawar da kai yana ba shi damar komawa, ya kuma nuna wa mutumin da ya tura shi cewa da ya rufa masa asiri da ya fi masa. Ban ga maslahar da ke cikin ka zauna ka zayyana wa matarka ba, sai ƙona mata zuciya da rushe gida. Ka tuba tsakaninka da Ubangijinka: nadama, da dainawa, da ƙudurin ba za ka koma ba, ka goge lambar, ka canja masaukin da abokan da suka raka ka. Ka karanta Suratuz Zumar aya ta 53 da ayoyi biyun da suka biyo bayan waccan ta Furƙan, ka ga girman ƙofar. Sai dai ka binciki zuciyarka, domin tsoron ƙanjamau daban, nadama daban. Wanda tsoro ne kawai ya riƙe shi, ranar da takarda ta fito babu, ranar zai koma.

Game da kariyar kuwa, ba sai ka yi ƙarya ba. Ya isa ka ce mata akwai abin da kake tsoro a jikinka, likita ya ce a dakata sai an gama gwaji, ba ka son ka shafa mata. Duk wannan gaskiya ne. Za ta yi zargi? Wataƙila. Za ta yi fushi? Tana da haƙƙi. Ɗaukar fushinta na wata uku yana cikin kuɗin abin da ka saya.

Amma in gwaji ya nuna akwai, hukunci ya juya. Cutar dole a faɗa, ko da ba a faɗi ta inda ta zo ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta ce wajibi ne wanda ya kamu cikin ma'aurata ya sanar da ɗayan. A zamanta na Abu Dabi a 1995 ta ƙara da cewa shafa wa wani da gangan haramun ne da ke jawo uƙuba, mace tana da haƙƙin neman rabuwa, sannan babu dalilin killace mai cutar daga jama'a. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, duk wanda ya karanta Risala ya san babin aibobin da ake mayar da aure saboda su, kamar kuturta da hauka. Ka kai ta a gwada ta, a gwada yara. In nauyin bakin ya fi ƙarfinka, ma'aikatan sashen sun saba zaunar da miji da mata su yi musu bayani.

Kuma samun cutar yau ba sammacin mutuwa ba ne kamar shekarun da aka fara jin ta a Najeriya a 1986. Ƙwaya ɗaya ce a rana, kyauta a asibitocin gwamnati da aka keɓe. Wanda ya riƙe ta har ƙwayar cutar ta daina nunawa a ma'aunin jini ba ya shafa wa matarsa ta saduwa, manyan bincike sun tabbatar da haka, kuma suna haihuwar 'ya'ya lafiyayyu. Abin da ke kashe mutane shi ne ɓoyewa da barin magani. A 2007 Yahya Jammeh na Gambiya ya ce yana warkar da ƙanjamau da ganye, ya sa mutane suka ajiye ƙwayoyinsu, aka yi asarar rayuka. Shugaban ƙasa ke nan, balle mai jarka a bayan mota. Ka yi addu'a, ka sha zamzam da habbatus sauda in kana so, amma kada wani ya ce maka ajiye maganin asibiti shi ne tawakkali. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham juyawa ya yi da jama'arsa daga hanya, bai ga hakan ya saɓa wa imani da ƙaddara ba.

Ga sauran jama'a kuma, a kiyayi harshe. Hadisin Ibnu Majah da muke yawan karantawa a mumbari, mai danganta bayyanar alfasha da ɓullar cututtukan da magabata ba su sani ba, magana ce a kan al'umma, ba hujja ba ce a kan wane ko wance. Akwai wadda mijinta ya kawo mata, akwai wanda aka haifa da ita, akwai wanda ya samu ta ƙarin jini, ko allurar da aka yi wa wani aka sake yi masa, ko askar da ba a tsabtace ba. Jifan irin waɗannan da zina ƙazafi ne, hukuncinsa yana Suratun Nur. Ba a ɗaukar ta ta musabaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko buta, ko sahun sallah, ko cizon sauro. Dokar ƙasa ma tun 2014 ta hana nuna musu wariya.

Na lura da wani abu a saƙonnin nan. Babu wanda ya taɓa tambaya ta game da ita matar, sai dai a kira ta da mummunan suna, kamar ita kaɗai ta yi. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999 aka rufe gidajen karuwai na fili, amma sana'ar ba ta mutu ba, domin masu saye ba su tuba ba. Yau kuma da yawa daga cikin matan nan 'yan gudun hijira ne, an kashe miji, an ƙone rumbu, ga yara suna kukan yunwa. Wannan bai halatta mata ba. Amma namijin da ya fito daga rami da kuɗin zinari a aljihu, ya ga yunwarta ya saye ta da kuɗin kwanon masara, ya sake karanta Suratun Nur aya ta 33 da abin da ya sa ta sauka, ya ga wa aka fi kausasa wa magana. Da ya ba ta kuɗin sadaka ya wuce, da yanzu barcinsa yake yi. Kuma mai yiwuwa ne shi ne ma ya kai mata cutar, tunda bai taɓa gwada kansa ba kafin ranar.

Saura samari masu shirin aure, don rabin masu tambayar su ne. Jihar Kano ta sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a watan Mayu na 2024, wadda ta haɗa da HIV da ciwon hanta da sikila. Ina goyon bayan waliyyai a nan ma su nema, kuma su nema daga ɓangare biyu, kada a tsare yarinya da gwaji a ƙyale ango don yana da kuɗi ko yana da mata a gida. A je tare, a karɓi sakamako tare a hannun ma'aikacin, kada a yarda da takardar da wani ya zo da ita a aljihu. Kai kuma saurayin da ka san ka yi abin nan makonni uku kafin ɗaurin aure, takardar da ta ce babu ba ta wanke ka ba, ka dai ji bayanin kwana 90. Ka nemi a ɗaga ranar, ko a ɗaura a jinkirta tarewa. Dalilin ɗaga biki ba ya ƙarewa a ƙasar nan, ka ce ɗaki bai kammala ba in da gaske bai kammala ba, ko ka ce akwai gwajin da likita ya ce a maimaita.